Ina kuke ajiye allurar semaglutide a wannan zafin?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya ɗora ni a kan allurar semaglutide, sau ɗaya a mako, saboda ciwon suga da ƙiba. Sugan ya fara sauka, alhamdulillahi, amma ajiyar ta gagare ni.

Takardar maganin ta ce wadda ba a buɗe ba sai firji, digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita kuma kada zafi ya wuce 30. To mu a Sakkwato yanzu muna haura 40, wuta kuwa sai ta ga dama. Na gwada saka ta a cikin kula mai ƙanƙara, kafin la'asar ta narke, ga tsoron kada allurar ta daskare ta lalace, kuɗinta ba wasa ba.

Masu ajiye insulin kusa da randa, sanyin yana isa kuwa? Don Allah a taimaka.