Abin da aka tattauna kan haihuwa ba aure a Jamus ta ƙarni na 19

1. Duk an yarda a fara bincike da rajistar coci ta baftisma da aure. Rajistar gwamnati ba ta game ƙasar ba sai 1876.

2. Kada a haɗa jihohi wuri guda. A Bavariya, kafin 1868, talaka ba ya aure sai hukumar garinsu ta amince, don gudun ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa haihuwa ba aure ta haura kashi 20 cikin ɗari. Da yawa iyayen na zaune tare, takarda kawai ta rage.

3. A Furushiya, dokar 1854 ta rage haƙƙin uwa na neman ciyarwa daga uban ɗa.

4. Inda aka rabu shi ne kan dalilin yawan haihuwa ba aure: wasu sun ce tarbiyya ta sauya, wasu sun ce talauci ne. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi.