Tambaya: ya jiragen yaƙin duniya na ɗaya ke harbi ba su fasa farfelarsu ba?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare muna fada wajen shayi wani ƙanena ya nuna mini hoto a waya, jirgin yaƙin 1914 zuwa 1918 mai fukafukai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa an ɗaɗɗaure da wayoyi, matuƙin kansa a waje ba rufi. Abin da ya ɗaure mini kai, bindigar tana bayan farfela daidai, to in ya harba ba tasa farfelar zai fasa ba? Mun yi gardama har ruwa na uku ba wanda ya warware.

Mushen Tarihi:
Wa alaikumus salam. Su ma wanga abu ya ba su wahala. A 1915 wani Bafaranshe Roland Garros ya sa aka liƙa ƙarfe a jikin farfela, harsashin da ya bugi wurin sai ya goce. Cikin Afrilu na shekarar jirginsa ya sauka ɓangaren Jamusawa suka kama shi da jirgin, daga nan kamfanin Fokker mai ƙera wa Jamus jirage ya fito da dabarar haɗa kunamar bindiga da injin, ba ta tashi sai farfela ta kauce.

Bakanike na Sabon Gari:
Mushe ya faɗi gaskiya, kamar saitin wutar moto ne, in lokaci ya kuskure ko kaɗan ka yi ɓarna. Ni wanda ya fi burge ni na Ingila ne, Sopwith Camel na 1917, raƙumi ke nan, don murfin bindigoginsa biyu ya yi tozo gaban matuƙi. Injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, shi ya sa in ka karya dama sai ya fizge ka kamar doki mai gardama, ɗalibai da yawa sun mutu wajen koyo tun ba su ga abokin gaba ba. Kuma man zurma suke zuba wa injin, wanda muka sani na wankin ciki, yana feso musu a fuska cikin sanyin sama, jikin jirgin kuwa katako ne da yadi. Wallahi ni ko Tibiri ba zan yarda ya kai ni ba.

Hajiya Maman Nana:
Ku kuna ta injin, ni yaran nake tausayi. Guynemer na Faransa ya kakkaɓo jirgi 53, ya ɓace a Satumba 1917 yana ɗan shekara 22. Richthofen na Jamus mai jan jirgi ya kai 80, aka harbe shi 21 ga Afrilu 1918, shekararsa 25, sa'an ɗana na fari. Matuƙan Ingila ko laimar dira ba a ba su ba, in tanki ya kama wuta sai dai mutum ya zaɓa, ya ƙone ko ya faɗo. Uwayensu fa?

Mushen Tarihi:
Haka ne Hajiya, Jamusawa ma sai 1918 suka fara samun laimar. Jan jirgin da Richthofen ya mutu a ciki fukafukai uku gare shi, amma yawancin harbinsa a jirgin Albatros mai fukafukai biyu ya yi.

Ɗan Mokoyo:
Na gode ƙwarai, yau da dare ni ke da fada. Bakanike, in bindigar ta cije a sama fa, wa ke gyarawa?

Bakanike na Sabon Gari:
Shi da kansa, da 'yar guduma a gefensa, yana bugu yana tuƙi.