Shawarwarin masu tsofaffin kwamfutoci kan Windows 3.1

Da hirar masu tsofaffin kwamfutoci ta kai kan yadda ake buɗe manhaja biyu ko uku lokaci guda a kwamfutar 386 (mai masarrafin Intel 386), kusan baki ya zo ɗaya: a ƙara RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A takarda megabait 2 ya isa Windows 3.1 ta 1992, amma wanda ya gwada ya sani, faifai zai yi ta gurnani, fitilarsa na ƙiftawa, kai kuma kana zaune kana jira. Da 4 ana lallaɓawa, da 8 a sarara.

Inda aka fi daɗewa shi ne katangar kilobait 640 ta DOS, tsarin da Windows 3.1 ke gudana a kansa, wato iyakar RAM ɗin da manhajojin DOS ke iya amfani da shi kai tsaye. Shawara ita ce a sa HIMEM.SYS da EMM386, masu sarrafa RAM, cikin CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin DOS, a rubuta DOS=HIGH,UMB, sannan a tura direbobin linzami da na CD sama da wannan katangar ta hanyar umarnin LOADHIGH da DEVICEHIGH. Mai ƙiwa ya bar wa MemMaker na DOS 6, manhajar da ke yin wannan saitin da kanta, ko da yake ni ban cika yarda da shi ba.

An kuma ce fayil ɗin musaya, wato wurin da Windows ke ara a faifai idan RAM ya cika, ya zama na dindindin, bayan an tattare faifai da DEFRAG. Kan SmartDrive kuwa, manhajar da ke ajiye bayanan faifai a RAM don sauri, an yi ja-in-ja, don yana cin RAM ɗin da ake ƙoƙarin tanadi.