Muhawarar "dajin gaskiya" a rukunin 'Yan Adar

Ɗalibi a Nansi: Assalamu alaikum. Wani abu na ci mini rai. Da na zo hutu Tawa, kowace fada na zauna, in na ce karatuna a Faransa a kan naman kaza ne, sai a kwashe da dariya, wai an yi asarar bursi. Jama'a, ba na miya ba ne. Akwai dangoginsa da ke rayuwa cikin ƙasa, siraran zare da ke liƙe wa saiwa. Su jawo wa itace ruwa da fosfor da azot, sinadaran da tsiro ke ci daga ƙasa, itacen ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Mikoriza ake ce musu, sunan da Bajamushe Frank ya raɗa a 1885. A dazukan Turai kuwa ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Na itacen chêne da hêtre da pin yana naɗe bakin saiwa kamar safa, na érable da frêne kutsawa yake har cikin ƙwayoyinta. A 2018 mujallar Nature ta buga binciken filaye 137 a ƙasashen Turai 20. An gano irin itacen, da tsamin ƙasa, da azot ɗin da iska ke saukewa daga hayaƙi da kiwo, su ke yanke wane nau'in mikoriza zai zauna. Da azot ya haura kusan kilo 6 a hekta a shekara, masu rauni sai su fara janyewa. Sai ka shiga dajin gaskiya za ka san girman abin.

Ɗan Keita: Dakata ƙanena. Mi kake nufi da dajin gaskiya? Namu na ƙarya ne?

Ɗalibi a Nansi: Yaya, ba haka nake nufi ba. Ina nufin daji mai duhuwa, mai sanyi.

Hajiya ta Ƙonni: Ɗana, ka faɗa ka faɗa. Icen da uwarka ta dafa maka tuwo da shi daga wane daji ya fito?

Ɗan Keita: Tun 1984 iyayenmu mata sunka ɗauki duwatsu bisa kai cikin aikin Keita, sunka tada ƙasar da ta mutu. Yau yaro ya ga dusar ƙanƙara, shina rena mu.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Ku yi haƙuri, yaron na da magana. Gawo da gero ma suna da nasu mikoriza, irin mai kutsawa cikin saiwa, kuma a ƙasarmu mai ƙarancin fosfor ba ƙaramin aiki yake ba. Ɗana, in an ƙara takin zamani me ke faruwa da shi?

Bagobiri a Yamai: Keita, Keita, kullum Keita. Sassaben zamani, wato renon tohon itatuwa a gona maimakon sare su, daga Maradi ya taso, lokacin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya. Ku duwatsu kuka jera.

Ɗan Keita: To layukan dogon yaro na Majiya fa, tun 1975? Kuna ina lokacin?

Bagobiri a Yamai: Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya ya zo. Shi ne dajin naku?

Hajiya ta Ƙonni: Baƙon da ya tsare mana gona daga iska ya fi mai zaune Yamai yana surutu.

Ɗalibi a Nansi: Baba, fosfor in ya yi yawa, tsiro kan rage hulɗa da shi, don...

Ɗan Keita: Ka janye kalmar tukuna.

Shugaban rukuni: To, ya isa haka. Na bi maganar kowa, ga abin da ya fito. Kowa ya yarda Adar na da daji, kuma da gumin iyayenmu ya tsaya, Keita da Majiya shaida ne. Baƙonmu na Gobir bai kawo hujjar da ta kama hankali ba. Ƙanenmu na Nansi ya yi kuskuren baki, ya kamata ya ba manya haƙuri. Batun naman kazan kuma, in ya dawo da digirinsa ya zo ya gwada mana a gonakin Badagishiri mu gani. Na rufe sharhi har gobe bayan azahar.