Kuɗin aikin makanikai: cacar bakin da aka yi a zauren masu motoci

Mai Corolla: Jama'a ku taya ni ji. Takalman birkin gaba kawai aka canja min, ni na sayo kayana a Ƙofar Ruwa, amma oga ya ce kuɗin aiki naira 15,000. Ko tashi daga benci bai yi ba, yaronsa ne ya yi aikin. Wannan ai fashi ne da rana tsaka. Daga yau jak da sifana zan saya, juyen baƙin mai da fulogi da birki duk da hannuna zan riƙa yi.

Ɗan Gareji: Fashi? Yallaɓai, bindiga aka nuna maka? Da ƙafarka ka kai motar.

Alhajin Hotoro: Kalmar ta yi nauyi, ƙanena. Ka ce tsada mu yarda. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 me ya tsaya a farashinsa? Bakanike ma kasuwa yake zuwa ya auno shinkafa.

Mai Corolla: To wanda zai fasa salansa ya kwashe indomin ciki, wato abin nan da ke tace hayaƙin mota, ya sayar, ya maido maka da bututu wayam, me sunansa?

Ɗan Gareji: Naka aka kwashe?

Mai Corolla: Na wani abokina.

Ɗan Gareji: Kullum na aboki ne. Shekara nawa yaro yake yi yana wanke notina a cikin fetur kafin a yaye shi, kai kuma ka kalli YouTube da daddare ka wayi gari injiniya.

Malamin Makaranta: Ku tsaya. Juyen mai da canjin matatar iska kowa zai iya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, ƙirar 1996 zuwa sama, suna da ramin da ake jona na'urar gano matsala, har da waya ana karantawa. Amma birki daban ne. Bayan canja takalmi sai an tattaka feda ta yi tauri kafin a tashi, idan kuma iska ta shiga layin mai, za ka taka ka ji ba komai. Kada kuma wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

Na Kaduna: Matsalarku ce a Kano. Ku zo Panteka ku ga masu aiki da tsoron Allah.

Alhajin Hotoro: Panteka? Ku da kuke zuwa mana sayayya?

Na Kaduna: Alhaji, kai mai Honda ma har ka samu bakin magana? Motar da ke tsugunawa a tsakiyar titi.

Alhajin Hotoro: Rashin canja bol-joyin ne, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar mota, ba laifin mota ba. Ka iya bakinka.

Maman Yara: Ni dai in na je da kaina kuɗi daban, in na tura direba daban. Wannan kuma me za a kira shi?

Ɗan Gareji: Hajiya, kar dai ki ce fashi.

Mai Corolla: Har yanzu ba wanda ya ce min 15,000 ɗin daidai ne ko a'a.

Shugaban Zaure: An rufe. Abin da aka cimma: makanikai mutanen kirki ne, wana ma sana'arsa ke nan, kuma ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Mai Corolla ya janye kalmarsa ya ba su haƙuri. Mai son gareji mai amana ya same ni ta akwatin sirri.

Mai Corolla: Yaushe na janye?