Sayar da gida a damina: abin da aka tsayar

Jama'a, ga abin da na tattaro daga bakinku a tattaunawarmu kan sayar da gida a damina.

1. Kusan kowa ya yarda damina ba ta rufa wa gida asiri. A watan Agusta mai saye zai ga yoyon kwano, danshin bango, da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. A gyara indararo, a yashe kwata tun kafin dillali ya kawo kowa.

2. Kada a rufe tsagewar bango da fenti. A faɗi aibin gidan tun farko. Ni ma nan na tsaya, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne.

3. Takardu su kammala. Mai gida a Kano ya bincika takardarsa a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar, gidan gado kuma sai magada duka sun sa hannu gaban shaidu.

4. A yanke la'adar dillali kafin ciniki ya faɗa.

Inda aka rabu shi ne lokaci. Wasu sun ce a jira kaka, yanzu kuɗin mutane yana gona da taki. Wasu sun ce gidan da ke kan tudu yanzu ne kasuwarsa, mai saye zai gani da idonsa cewa ruwa ba ya shiga.