Ta hana ni ganin yara, shari'ar kuma ba ta ƙare ba

Baban Sadiya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni bakanike ne a Suame Magazine, unguwar kanikawa a Kumasi, Ghana. Maganata da uwar 'ya'yana tana kotu, ita ke neman a raba auren, ni ban yarda ba, kullum sai a ɗage zama. Ta koma gidansu a Aboabo da yara biyu. Duk Lahadin da na je, sai surukata ta ce sun tafi makaranta ko suna barci. Kuɗin abinci kuwa ban taɓa fasa turawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba. Mun je wurin liman, ba a daidaita ba. In nemi izinin ganin yara daban tun yanzu, ko in jira a gama? Ina tsoron ƙara rura wutar.

Ɗan Tafo: Ka kai maganar wurin limamin unguwa, shi ke nan.

Baban Sadiya: Malam, ai na ce mun je.

Alhajin Asawase: Ƙanena, kada ka jira. Jira ne ya cuce ni. An ba ni Asabar biyu a wata, da takarda a hannu. Na je na farko, suka ce yaron ba lafiya. Na biyu suka bar ni a benci ƙofar gida har la'asar, mutanen layi suna kallona. Kafin lauyana ya motsa sun kwashe shi zuwa Tamale wurin wata gwaggo. Sidi dubu shida lauyan ya ci. Bara da Babbar Salla na kira, yaron ya ce min "Alhaji, ina wuni". Alhaji fa! Ɗan da na yanka wa rago.

Hajiya Mai Waakye: Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Amma dubu shida? Ƙanwata dubu ɗaya da ɗari biyar ta biya.

Alhajin Asawase: Hajiya, wace shekara? Kuɗin nan yanzu ko buhun shinkafa nawa zai saya?

Ummu Hanan: Ni ban biya lauya ko kwabo ba, ta Legal Aid na bi, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. Baban Sadiya, dokar yara ta 1998, wato Act 560, ta ba uba ko uwa damar neman izinin ganin yaro lokaci-lokaci a Family Tribunal, wato kotun iyali. Tunda shari'arku tana gaban alƙali, tambayi lauyanka ko a nan za a nemi umarnin wucin gadi. Jami'in Social Welfare, wato ofishin jin daɗin jama'a, na iya zuwa ya duba gidajen biyu ya rubuta rahoto. Abin da kotu ke dubawa maslahar yaro ce, kuma dokar ta ce ƙaramin yaro zama da uwarsa yana da muhimmanci. Ka ajiye saƙonnin MoMo ɗin nan duka.

Malam Zongo: Tun kafin 1998 Malikiyya ta gama magana. Reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Amma ba ta da ikon hana uba gani.

Ummu Hanan: Gafarta Malam, in suruka ta rufe ƙofa, wa zai buɗe?

Malam Zongo: Ke kin karanta Risala ne?

Direban Trotro: Ka riƙa tura MoMo rabi, ka ce sauran sai Sadiya ta zo karɓa da kanta 😂

Ummu Hanan: Kada ka kuskura. Ciyarwa wajibi ce a kanka ko ka gan su ko ba ka gan su ba, kuma da wannan za su kama ka.

Hajiya Mai Waakye: Ku maza kuna ta kukan gani. Mijin ƙanwata ya yi ta rigima a ba shi Lahadi, da aka ba shi sau biyu ya zo. Kuɗin makaranta kuwa ni nake biya daga tukunyar nan tawa. Wannan a wace kotu ake kai shi?

Ɗan Tafo: Hajiya, wace makaranta ce? Tamu ma sun ƙara kuɗi wannan zangon, har da na mota.